Ƙofar Gidan Da Ba Namu Ba

Na fi sau biyar ina rubuta wannan kashin ina gogewa. Wata a cikinku ta turo min saƙo wancan makon tana cewa, "Ke dai kin dace, Allah ya ba mu irin naki." 'Yar uwa, ki ɗan dakata da addu'ar nan, ki fara jin abin da na aikata ranar Talata. In kin gama karantawa har yanzu kina sha'awar zama ni, to bismillah.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu: ni malama ce. Da safe ina koyarwa a wata ƙaramar firamare, da yamma kuma sau uku a mako ina zuwa wani gida a rukunin gidajen masu hali ina yi wa 'ya'yansu darasi. Gida ne mai baƙar ƙofar ƙarfe, jajayen furanni sun leƙo ta saman katanga, ga maigadi da bencinsa. A ƙofar nan na haɗu da wanda na ajiye a wayata da sunan Mai Gilashi, saboda gilashin idonsa. A ɗakin gwajin jini yake aiki a asibiti. Ya zo kai wa wani dattijo sakamako a layin, ya gan ni ina fitowa da jaka a kafaɗa, ya tambaye ni lambar wani gida. Bayan kwana biyu ya dawo, babu takardar kowa a hannunsa.

Ran nan ya nuna ƙofar da haɓa ya ce, "Gidanku akwai kyau, Malama."

Abin da ya kamata in ce bai fi kalma huɗu ba: ba namu ba ne. Sai na yi murmushi na sunkuyar da kai, wai ni mai kunya. Murmushin nan shi ya haifi ƙaryar wata biyar. Yakan zo ranakun darasi, mu tsaya gefen motarsa mu yi hira, in ya tafi in jira ya sha kwana, sannan in kama hanyar gidanmu na gaskiya.

Gidanmu yana can ɗaya ƙarshen garin, bayan kwari. Marigayi Abbanmu magini ne, shi ya ɗora kowane bulo da hannunsa: ɗaki biyu, 'yar rumfa, bishiyar gwaiba a tsakar gida. Ba gidan kunya ba ne, wallahi ba gidan kunya ba ne, ni ce dai zuciyata ta raina shi. Mota ba ta shiga layinmu, iyakarta wata 'yar gadar siminti. In ka haye gadar kuwa ga tashar motocin dogon zango nan a bakin titi, har muryar 'yan kamasho muna ji daga tsakar gida.

A gida kuma an sa ni a gaba. Yayata, wadda ke aure a wani gari, ba ta kiran waya ta kashe ba ta soka min magana ba.

"Wata biyar mutum bai taka gidanku ba, kina ce min maganar aure yake? Ƙafa ce ba shi da ita, ko ke ce kike ɓoye shi kar mu cinye?"

Umma ba ta faɗa. Tana tsintar shinkafa za ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Mutumin naki dai har yanzu aikin bai sake shi ba?" In ce eh, aiki ne. Shi kuma duk sanda ya ce yana son shiga ya gaida Umma, sai in ce ba ta jin daɗi, gwiwarta ta matsa mata, ba ta son ganin baƙi. Ciwon gwiwar gaskiya ne, shekara biyu ke nan tana sallah a zaune. Ni ce na mayar da shi labule.

To kun san mutumin asibiti. Sai ya kama maganar gwiwar nan da gaske. Ranar Alhamis ina cikin aji saƙonsa ya shigo.

"Malama, albishirinki. Likitan ƙashin nan na babban asibitin birni zai zauna ranar Talata. Sau ɗaya yake zuwa a wata biyu, kuma sha biyu yake tashi. Na roƙi abokina ya rubuta Umma, ƙarfe sha ɗaya."

Kafin in gama murna wani ya biyo baya.

"Na yankar mana tikiti uku a jirgin ƙasa na bakwai da rabi. Awa biyu mun isa, ba girgiza ba rami. Tunda tashar jirgi a bayan gidanku take, minti biyar ne a mota. Zan zo ƙofa bakwai saura kwata. Wannan karon dai ba ki da hanyar ɓoye min surukata."

Har da ɗan hoton fuska mai dariya. Ni kuwa alli ne ya faɗi daga hannuna.

Da yamma na sami Umma a rumfa tana shafa man zafi a gwiwa. Da na faɗa mata maganar likita, sai da ta ɗaga hannu ta yi ta sa masa albarka har na fara jin nauyi. Da na ambaci jirgi kuwa sai ta tsaya da shafawar.

"Jirgi kuma? Ni da ga tasha a hancina?"

"Umma, mota awa biyar ce fa. Jirgi awa biyu."

"Awa biyu daga ina? Daga gindin gwaibar nan zai tashi?" Ta rufe kwalbar man. "Ku yaran yanzu zaman cikin abu kawai kuke ƙirgawa, ba kwa ƙirga zuwa wajensa. In taka zuwa mahaɗa, in hau keke mai ƙafa uku, in sauka in hau bas, in sake sauka. Kafin in ga jirgin naku ai na gama tafiyar. Ki bari mu bi Sannu-Sannu ranar Litinin da hantsi. Zai ajiye min gidan gaba in miƙe ƙafata, motarsa ta ƙofar asibitin ma take wucewa. Mu kwana gidan goggonki, da safe in lallaɓa."

Sannu-Sannu direba ne a tashar tamu, abokin Abba tun suna samari. Sunan ya samo shi ne saboda ko akuya ta fi shi sauri, amma bai taɓa zubar da kowa ba. Maganar Umma babu inda ta karkace. Na sani, a lokacin ma na sani. Amma in na ce wa Mai Gilashi mota ta fi mana sauƙi, zai ce yaya mota za ta fi sauƙi ga mutanen da jirgi ke kwana a bayan katangarsu? Daga nan sai tambaya ta biyu, daga ta biyu sai asirina a tsakiyar titi.

Sai na taɓa inda na san Umma ba ta da ƙarfi.

"Ya riga ya yanki tikiti, Umma. In muka ƙi zai ga kamar an raina alherinsa. Kuma fa ranar za ku fara haɗuwa."

Ta ajiye kwalbar man gefe. Can ta ce, "To shi da yake da mota, ba sai ya zo ko bakin gada ne ya ɗauke mu ba?"

"Nisa, Umma. Sai ya ratsa gari duka ya dawo. Ya ce mu same shi a gidan da nake darasi, can ne kusa da tasha."

Bai ce ba. Da na faɗa masa gaskiya, na rantse ko a bayan duniya muke zai zo tun asuba. Umma ta gyaɗa kai ta ce, "Shi ke nan, kar a ce mun cika fi'ili. Allah ya kai mu."

Na zauna na tsara komai a bayan littafin darasi. Gida zuwa mahaɗa minti goma. Mai ƙafa uku zuwa shataletale minti ashirin. Bas zuwa babbar ƙofar rukunin gidajen minti ashirin. Daga nan zuwa baƙar ƙofa minti takwas. In mun fita biyar da rabi, shida da rabi muna can, mun riga shi, mun zauna kamar yanzu muka fito daga ciki. Har yaba wa kaina na yi. Hanyar da nake bi sau uku a mako ce, na san ta kamar tafin hannuna. Abin da ban lura ba shi ne da ƙafata na auna ta, ba da ƙafar Umma ba.

Ranar Talata muna idar da sallar asuba Umma ta shirya. Ta ciro atamfarta ruwan toka mai zanen shuɗin ganye, wadda rabonta da ita tun bikin Yaya, ta yafa farin mayafi, ta shafa turaren da take ɓoyo a ƙasan akwati. Shayi ma kurɓa biyu ta yi, wai kar fitsari ya dame ta a gaban suruki. Ni na sa doguwar riga ruwan zuma da mayafi mahaɗinta, na sa silifas, na jefa takalmina mai kyau a leda kamar yadda na saba. Kullum haka nake yi, sai na isa unguwar mutane nake canzawa.

An yi ruwa kafin gari ya waye. Layinmu ya zama jar laka mai santsi. Umma tana dafe da kafaɗata da hannu ɗaya, ɗayan yana bin katangar maƙwabta. Taku uku, ta tsaya. Taku uku, ta tsaya. Da muka haye gada muka zo ta gaban tasha, ga Sannu-Sannu yana goge gilashin motarsa.

"A'a, Hajiya, ina zuwa da duku-duku haka, an sha ado?"

"Birni za mu, ganin likita. A jirgi."

Ya dube ta, ya dubi ƙafarta, ya dube ni. "Jirgi? Da wannan ƙafar za ki nemo jirgi? Ai da kin faɗa min jiya da yanzu kina can kina shan shayi. Yanzun ma dai sai hantsi zan tashi, ba zan kai ki da wuri ba, ban da haka da na hana ki."

"Yara sun ce ya fi sauri," in ji Umma.

Na ja hannunta muka wuce, ko gaisuwar kirki ban yi masa ba.

Masu ƙafa uku an hana su tsayawa a bakin tasha, sai a mahaɗa. Minti goman da na rubuta ya zama ashirin da biyar. A mahaɗa babu ko ɗaya, ruwa ya sa kowa ya makara. Muka tsaya. Da ɗaya ya zo, mutum huɗu suka rufe shi, sai da wani bawan Allah ya ga Umma ya sauka ya ba mu wuri. A shataletale bas ta ƙi tashi sai ta cika, kwandasta yana ta kiran fasinja kamar ba shi da niyyar barin wajen a yau. Matakin bas ɗin nan kuma yana da tsawo. Na tura Umma ta baya, kwandasta ya ja ta ta gaba, sai na ji ta ce "Wash!" a hankali, irin wadda ba a so kowa ya ji. Ta zauna ta dafe gwiwar da hannu biyu.

"Umma, lafiya?"

"Ba komai. Ta ɗan murɗe ne."

Ban sake tambaya ba. Agogon waya nake kallo. Ku ji fa, uwata ta murɗe ƙafar da za mu kai wa likita, ni kuma abin da ke cina shi ne kar wani namiji ya riga ni isa ƙofar gidan da ba namu ba.

Bakwai saura kwata daidai bas ta sauke mu a babbar ƙofar rukunin gidajen. Saƙonsa ya shigo a lokacin.

"Ki yi haƙuri Malama, taya ta yi faci, na canza. Ina hanya, minti goma sha biyar. Ki ce wa Umma ta zauna a ciki kar ta fito sanyi."

Hamdala na yi. Hamdala, a kan tayar bawan Allah.

A nan ne ya kamata in tsaya. Da na ce masa mu haɗu a babbar ƙofa, ga dakali nan, Umma ta zauna ta huta. Amma me zan ce ya fito da mu har nan da jaka? Masu gadin wajen kuma ba sa barin abin hawa na haya ya shiga, dokar masu gidajen ce. Hanyar hawa ce, shimfiɗaɗɗiya, bishiyoyi dama da hagu. Na canza takalmi a tsaye, na ɗauki jaka, na riƙo hannun Umma.

"Yanzu za mu kai, ga shi can."

Ba ga shi can ba ne. Umma tana jan ƙafar dama, numfashinta yana fita da ƙarfi, gumi ya jiƙa gefen mayafinta duk da sanyin safiya. Duk motar da na ji a bayanmu sai na waiga. A wajen gida na shida ta tsaya ta kama wani ƙarfen fitila.

"Bari in ɗan numfasa."

Abin da ya fito daga bakina, har in mutu ba zan manta ba. Na ce, "Haba Umma, ki ɗan ɗaga ƙafa mana!"

Ta dube ni. Ta saki ƙarfen ta ci gaba.

Bakwai da minti biyar muka isa baƙar ƙofa, bai iso ba. Maigadi ya taso da mamaki.

"Malama, yau da sassafe? Ai ba ranar darasi ba ce. Mutanen gidan ma ba su tashi ba."

"Baba, ara mana bencinka. Mahaifiyata ce." Na matsa kusa da shi na rage murya. "Mai motar nan zai zo. Don Allah kar ka ce komai, ka yi kamar daga ciki muka fito."

Na ɗauka a hankali na faɗa. Da na juyo, idon Umma yana kaina.

Sai kuma na ga takalminta. Jar lakar layinmu ta yi masa dam, har gefen zaninta ta taɓa. A unguwar nan kuwa ko'ina kwalta ne da siminti, babu inda mutum zai samo laka ko ya nema. Ban yi tunani ba, na durƙusa na zaro takardar goge hannu daga jaka na fara kankare takalmin da sauri, na tofa miyau ina murza bakin zanin.

"Lakar gidanmu kike gogewa?"

Hannuna ya tsaya.

"Ya ɗauka nan ne gidanku," in ji ta. Ba tambaya ba ce. "Shi ya sa bai taɓa zuwa ba. Ni kuma ina ta zargin ɗan mutane a raina."

"Umma, zan faɗa masa, wallahi zan..."

"Ƙarasa gogewar. Ga mota can."

Ya fito da farar riga mai dogon hannu, gilashin nan yana ƙyalli, hannunsa da ɗan baƙin taya. Bai ko kalle ni ba, ya wuce gaban Umma ya durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Umma. An tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki? Ai da kin jira a ciki, Umma, sanyin nan ba ya yi wa gwiwa daɗi."

Na sunkuyar da kai. Maigadi ya juya yana gyaran rediyonsa. Umma ta dubi saman kan Mai Gilashi na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Lafiya lau, ɗana. Iska na fito sha. Allah ya yi maka albarka."

Matar da ko mai talla ba ta taɓa ce wa ba ta da canji alhali tana da shi. Yau ta yi ƙarya saboda ni, a kan bencin maigadin wasu. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe.

A mota yana ta ba ta labarin likitan, yadda ya gyara ƙafar wata tsohuwa har ta koma zuwa kasuwa. Umma tana "Allah sarki, ikon Allah." Ni ina baya na ƙanƙame jaka. Bakwai da kwata muka isa tashar jirgi. Wajen ajiye motoci yana da 'yar tazara da ƙofar shiga, sannan layin duba kaya, sannan duba tikiti. Muna fita ta ɗaya gefen sai ga jirgin a tsaye, dogo, amma a layi na biyu, can tsallake. Tsakaninmu da shi gadar sama ce mai matakala. Na'urar hawa da ke gefenta an liƙa mata takarda, wai tana gyara.

"Matakala talatin da wani abu ne kawai," in ji shi. "A hankali, muna da minti takwas. Umma, dafa ni."

Ta dafa shi, ta dafa ƙarfe. Ɗaya. Biyu. Mutane suna wuce mu da akwatuna. Ina ƙirgawa a zuci ina addu'a. A ta goma sha ɗaya ƙafar ta ƙi. Ba faɗuwa ta yi ba, sulalewa ta yi ta zauna a kan matakalar, ta jingina kai da ƙarfe ta rufe ido.

Ya durƙusa ya ce, "Umma, ki yi haƙuri in duba." Ya taɓa gwiwar ta saman zani, sai na ga fuskarsa ta canza. "Ta kumbura sosai, kuma da zafi. Umma, kin yi doguwar tafiya ne yau? Ko kin faɗi?"

"Tsufa ne, ɗana."

"Daga ƙofar gida zuwa mota ba zai yi wannan ba." Ya juyo gare ni. "Malama, jiya haka take?"

Na kau da kai. Ya ce zai goya ta, Umma ta girgiza kai da ƙarfi, ina, surukin da yau ta fara gani. Ya sauka da gudu neman keken marasa lafiya. Wani ma'aikaci ya ce akwai, amma yana ɗaya gefen, kuma mai makullin ƙofar da ake tsallakawa ta ƙasa bai iso ba. Ina jin muryarsa yana roƙo. Ina ganin agogon tasha ta tsakanin ƙarafa. Jirgin ya yi kuka sau ɗaya, ƙofofi suka rufe, ya fara ja a hankali kamar mai jiran mu canza shawara, sannan ya miƙe.

Umma ta buɗe ido ta bi shi da kallo har ya ƙule. Ta ce, "Allah bai nufa ba."

Wannan kalmar ce ta karya ni. Allah bai nufa ba, alhali ni na san wadda ta nufa. Ya dawo yana haki, tikiti uku a hannunsa, yana cewa laifinsa ne, da tayar ba ta yi faci ba da mun sami lokaci. Yana ba Umma haƙuri. Shi yake ba da haƙuri.

"Ba laifinka ba ne," na ce. Muryata ta fito da ƙarfi har wata mata mai saukowa ta waigo. "Gidan nan ba namu ba ne. Darasi nake yi wa 'ya'yansu. Gidanmu yana bayan kwari, ƙarshen gari. Tun biyar da rabi muke hanya. Ta taka laka, ta hau mai ƙafa uku, ta murɗe ƙafar a bas, na sa ta hawo tudun nan a ƙasa don kar ka riga mu. Ta ce mu bi mota tun jiya, motar da ke ƙofar gidanmu, ni na hana. Don kar ka sani."

Hawaye da majina duk sun haɗe min, kwalliyar da na ɓata lokaci a kanta ta bi mayafi. Na jira ya yi faɗa. Wallahi na so ya yi faɗa, ya zage ni a gaban mutane, da na ji sauƙi.

Ya cire gilashinsa ya goge da gefen riga, ya mayar. Ya ciro waya ya matsa gefe. Ina jin rabin maganar.

"Ko da mota ba za mu kai ba, awa biyar ce... Ba zai jira zuwa ɗaya ba?... To na gaba yaushe?" Ya saurara. "Wata biyu. To. Ka rubuta ta, don Allah. Na gode."

Wata biyu. Wata biyu Umma za ta ƙara tana juyi a kan katifa tana danne nishi don kar ta tashe ni, kuma yanzu da gwiwar da ta fi ta jiya lalacewa.

Mai makulli ya iso bayan komai ya wuce. Aka kawo keken, shi da ma'aikacin suka sauko da Umma matakala ɗaya bayan ɗaya. Shi ya tura ta har mota, ya kwantar da kujerar gaba, ya naɗe rigar sanyinsa ya tokare mata ƙafar. Ya tsaya a wani kantin magani a bakin tasha ya sayo ƙanƙara da bandeji, ya ɗaure gwiwar da kansa. Duk wannan ko kallona bai yi ba. Jakar hannuna ma bai karɓa ba, ya dai buɗe min ƙofar baya ya zagaya.

Muka fito daga harabar tasha muka iso inda hanya ta rabu. Ya taka birki. Babu mota a bayanmu, ya tsaya sosai, hannunsa biyu a kan sitiyari. Ya juya wajen Umma da ladabin nan nasa.

"Umma, ina ne gida?"

Umma tana kallon gaba, hannunta a kan bandejin. Ba ta ɗaga murya ba.

"Tambaye ta, ɗana. Ni ma yau ban sani ba."

Sai a lokacin ya ɗago ido ya dube ni ta madubi, karo na farko tun a kan matakala, yana jira.